Tambaya da Amsa: Mota ɗaya, ga doguwar tafiya ga filin tsere

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, masu ƙananan motocin gudu da ke son motar ta kai su doguwar tafiya kuma ta shiga filin tsere a ranakun da ake buɗe wa kowa ya zo da tasa. Ga huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchesta, ina da Toyota GT86 ƙirar 2013, ban taɓa yi mata komai ba sai juye. Na ɗan tara kuɗi, abokai sai zuga ni suke in sa mata tarbo wai doki 200 ya yi mata kaɗan. Ni kuma burina biyu ne, in riƙa zuwa filin tsere na Oulton Park lokaci-lokaci, sannan da bazara ni da maiɗakina mu zagaya arewacin Sukotland. Da me zan fara?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka jingine maganar tarbo tukuna. Abin da ke kayar da mota a filin tsere ba ƙarancin doki ba ne, zafi ne, zafin birki da na baƙin mai da na taya, tarbo kuwa ƙara wa dukkansu zafi zai yi. A kan titi sau nawa kake taka birki da ƙarfi a yini? A fili kuwa kowace kwana sai ka taka, ka ba ta wuta, ka sake takawa, haka za ka yi ta yi minti 15 ko 20 ba hutu.

To ka fara da man birki, shi ya fi komai arha kuma shi aka fi mantawa da shi. Man birki yana tsotsar ruwa daga iska a hankali. Sabon mai nau'in DOT 4 ba zai tafasa ba sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa ma'aunin da aka gindaya masa ya sauko 155 ke nan, kuma da ya tafasa sai tururi ya cika bututun, shi tururi matsuwa yake yi, sai ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa motar kuma ba ta rage gudu ba, ga kwana a gabanka. Ka sa makanike ya zuƙe tsohon gaba ɗaya ya zuba irin su Motul RBF 600 ko Castrol SRF, suna aiki lafiya a titi ma. Kar ka yarda a zuba maka DOT 5, na silikon ne ba ya haɗuwa da sauran, daban yake da DOT 5.1 duk da sunan ya yi kama.

Sai fad ɗin birki. A nan dole ka zaɓa. Na tsere zalla sai ya ɗau zafi yake kamawa sosai, da sanyin safiya a cikin gari ga ƙara kamar ana yanka ƙarfe ga baƙar ƙura a wili, maiɗakinka ba za ta ji daɗin kwanaki tana jin wannan ba. Ko dai ka sayi na tsaka-tsaki, ko ka ajiye saiti biyu kana sauyawa jajiberin zuwa fili, aikin bai kai a ce sai an je gareji ba idan ka koya. Ni na fi son saiti biyun.

Taya kuma, GT86 da gangan Toyota suka fito da ita da Michelin Primacy, irin wadda ake sa wa wasu Prius, don bayanta ya riƙa zamewa cikin sauƙi. Ka koma irin su Pilot Sport, za ka ji bambanci ranar farko. Amma masu ɗan zane kaɗan ɗin nan da ake kira rabin-sulɓi, kar ka tafi Sukotland da su. Hanyar North Coast 500 mil 516 ce daga Inverness ta zagayo ta dawo, ruwa na iya sauka kowane lokaci, wasu wuraren mota ɗaya ce ke wucewa sai an raɓe wa juna, taya mara zurfin zane kuwa idan ta hau kwantaccen ruwa iyo take yi sitiyari ya zama ba shi da amfani. Idan ka matsu sai ka yi su, ka sayi wili huɗu na daban, motarka idan ka kwantar da kujerun baya tana ɗauke su duka, ka ɗaura a fili ka sauke kafin ka taho. Kuma ka tafi da gejin iska. Bayan zagayen farko za ka ga iskar ta hau sosai saboda zafi, ka rage, da yamma in ta huce ka tuna ka mayar kafin ka hau babbar hanya.

Ga wani abu da mutane ba sa haɗawa, duk lokacin da taya ta ƙara riƙo to baƙin mai ma ya ƙara gudu zuwa gefe ɗaya na kaskon da ke ƙasan inji a doguwar kwana, famfo ya zuƙi iska maimakon mai, daga nan inji ke bugawa. Ka tabbata mai yana kan layin sama kafin ka shiga, ka riƙa dubawa tsakanin zagaye, ka sa agogon zafin mai. Idan ka ga yana hawa da yawa sai ka sa masa na'urar sanyayawa, amma mai tamostat, in ba haka ba da hunturun Ingila man ba zai ɗumama yadda ya kamata ba.

Shokazoba da sifirin ka bar su yadda suke a shekarar farko. Alaimen mai kyau ya ishe ka, a ɗan kwantar da saman tayoyin gaba ciki kamar digiri 1.5 zuwa 2 don kar kafaɗar taya ta waje ta cinye a kwana. Fiye da haka doguwar hanya za ta cinye maka ta ciki. Salansa ma ka yi hattara, filayen Ingila suna auna ƙara da safe kafin a bar ka ka shiga, yawanci iyakar tsakanin desibel 98 ne da 105, ka wuce a juyo da kai ga kuɗi ka riga ka biya, sannan a babbar hanya gurnaninta zai sa muku ciwon kai.

Duk abin da ka sauya ka faɗa wa kamfanin inshorarka, ɓoyewa na iya sa su ƙi biya ranar da aka yi hatsari, kuma inshorar titi yawanci ba ta shiga fili, akwai ta yini ɗaya da ake saya daban. Ragowar kuɗin ka ɗauki malamin tuƙi ya zauna gefenka ko na minti 20 ne, wallahi zai rage maka lokaci fiye da duk wani ƙarfe da za ka ɗaura.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Jamus nake rubutowa, kusa da Kolon. Na sayi BMW M3 E46, ina so in sa mata kejin ƙarfe na kariya a ciki da kujerun tsere da bel mai igiya huɗu saboda filin tsere na Nürburgring, amma da ita nake zuwa aiki wani lokaci, kuma ina son hawa tsaunukan Italiya da ita. Ya ka gani?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa alheri, ka sayi mota ta gaske. Amma ka tuna an daina ƙera ta tun 2006, don haka kafin ado sai lafiya. A ɗaga ta a duba ƙasan but inda ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya yake ɗaure da jikin mota, E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan. A duba metal ɗin inji da VANOS, wato na'urar BMW mai daidaita lokacin buɗewar bawul, a sauya duk tsofaffin robobi da tiyo na lagireto. Wannan na ƙarshe ba don kai kaɗai ba ne, idan tiyo ya fashe ruwan lagireto ya zube a kan kwalta, santsi gare shi sosai, na bayanka ne za su kwasa kuma kai za a nema.

Keji cikakke a motar da ake hawa titi ban goyi baya ba sam. An yi shi ne don wanda ke sanye da hular kwano kuma a ɗaure tamau. Kai da za ka tafi aiki da kai a buɗe, ko ƙaramin karo aka yi kanka zai iya dukan ƙarfen da ke dab da kunnenka. Kayan nan tare suke aiki, kujera da bel da keji da hula da abin riƙe wuya, ka ɗauki ɗaya ka bar saura ka ƙara wa kanka haɗari ne. Bel mai igiya huɗu idan ba wanda aka yi shi da dabarar hana zamewa ba, mutum na iya sulalewa ta ƙasansa igiyar ta datse masa ciki. In har sai ka yi, to rabin keji a bayan kujerun gaba, ka haƙura da ɗaukar kowa a baya har abada, ka bar bel ɗin kamfani don titi. Kuma ka san Jamus, abin da ba shi da takardar amincewa ko masu binciken lafiyar motoci irin su TÜV ba su duba sun shigar a takardun mota ba, zai iya soke izinin hawanta titi.

Ita kuwa Nordschleife, wato doguwar hanyar tsere ta Nürburgring ɗin, tun 1927 take, tsawonta kilomita 20.8, ba a haddace ta a yini ɗaya. Ranakun da ake buɗe wa jama'a dokar titin Jamus ce ke aiki, ta hagu kawai ake wuce mutum, mota dole ta zama mai lamba da cikakkun takardu. Duk da haka kamfanonin inshora da yawa sun cire ta da suna daga abin da suke biya, ka karanta takardarka da kyau tun a gida. Idan ka daki shinge kai za ka biya kuɗin shingen da motar ja, har da lokacin da aka rufe hanya saboda kai. Gefenta kuma ba fili, daga kwalta sai ɗan ciyawa sai ƙarfe, shi ya sa nake ba ka shawara ka fara koyon motar a fili mai faɗin gefe kamar Hockenheim. Tsaunuka kuwa, irin su hanyar Stelvio ta Italiya mai kwanoni 48 ta ɓangaren arewa, wajen gangarowa ka riƙe ta da giya, kar ka kwanta a kan birki.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, ina aiki a Dubai, ina da Mazda MX-5 sabuwar ƙira. An ce min in cire esi don ta yi sauƙin nauyi kafin in shiga filin tsere na Dubai Autodrome. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa kar ki cire. Nauyin da za ki rage bai taka kara ya karya ba, garin da zafi ke wuce digiri 40 kuwa mota ba esi ba za ta kai ki tsaunin Jabal Hafit ko Jabal Jais cikin daɗi ba. Ki kashe shi kawai idan kin shiga fili. Abin da ya shafe ki shi ne rufinki na tanti ne, ki tambayi masu shirya ranar ko suna buƙatar ƙarfen kariya a bayan kujera, idan kuma za a sa, a auna ki kina zaune da hular kwano, dole ƙarfen ya ɗara saman hular tsawo. Ki zaɓi na yamma ko na lokacin sanyi, ki taƙaita zagayenki, zagayen ƙarshe ki yi shi a hankali ba tare da taka birki sosai ba don iska ta huce shi. In kin tsaya kar ki ja birkin hannu, ki sa ta a giya, don fad mai zafi na manne wa faifai ya bar tabo, daga baya ki ji sitiyari na rawa duk lokacin da kika taka.

TAMBAYA: Yallaɓai daga Kano. Na samu Nissan 350Z, ina so in sauke ta ƙasa in sa manyan wili da salansa mai ƙara, in kuma sa a taɓa kwamfutarta. Ina yawan zuwa Abuja da ita, wani lokaci mukan ɗan yi wasa da abokai.

AMSA: Ƙanena, wasan nan in a kan titin jama'a ne ko wajen ɗaurin aure to ka bari, ina roƙonka. A filin tsere kowa gefe ɗaya ya nufa, ga masu tuta ga motar asibiti a tsaye, a titi kuwa yaro ne zai tsallako ko mai adaidaita ya juyo ba sigina, kuma ba gyaran da zai hana wannan.

Saukewa kuma, 350Z da ma can ƙasa take, ka ƙara sauke ta kan hanyar Zariya da Kaduna ramin farko zai iya fasa maka kaskon mai. Babban wili yana nufin siririyar taya, ita kuwa ba ta da naman da zai shanye duka, wilin ne zai lanƙwashe. Kwamfuta ma ka ƙyale ta, yawancin waɗannan saitin an yi su ne don fetur mai inganci, mai lambar oktan 98 ko sama, kai kuwa a hanya abin da ka samu a gidan mai shi za ka sha. Ka kashe kuɗin a lagireto da fanka da sabon man birki da baƙin mai na kirki. Sannan ka durƙusa ka karanta gefen tayarka, akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, idan ka ga 2319 to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Duk wadda ta haura shekara shida ka sauke ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safayar da ke cikin but.