Amsa kan tsohon garin zinare na Ouro Preto

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne a Ouro Preto ta Brazil mutum ba ya iya sauya tagar gidansa sai da izini. Gaskiya ne. Gidan naka ne, amma fuskarsa tana hannun IPHAN, hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1937. Rufin jan tayil, farin bango, ƙofar katako, duk sai sun ga zanen gyaran kafin magini ya taɓa.

Abin da ya ceci garin tun farko ma talauci ne. Zinaren da bayi 'yan Afirka suka haƙa ya ƙare, a 1897 kuma aka mayar da babban birnin jihar Minas Gerais zuwa Belo Horizonte, aka rasa mai kuɗin rushe tsohon gini ya yi sabo. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1980.

Inda nake ganin dokar ta gaza shi ne kan tsaunukan da ke kewaye, inda gidaje ke ta hawa. A Janairun 2022 ƙasa ta zaftare ta danne wani tsohon gida na tarihi cikin 'yan daƙiƙu, mutane na tsaye suna ɗauka a waya.