In bi ta ƙungiya ko in tunkari hukuma ni kaɗai?

Tambaya: Ina da matsakaicin kamfanin shigo da kaya. An ƙara kuɗin fito, ƙungiyarmu ta ce mu yi karo-karo a kai kuka majalisa. Amma na ga manyan kamfanoni kowa na bin tasa hanyar. Wanne ya fi mini?

Amsa: Malam, fara duba wa zai amfana in an biya buƙatar. In aka rage kuɗin fito ko haraji, kowa a sana'ar ya samu sauƙi. Irin wannan aikin ƙungiya ne. Kuɗin lauya da na masanin da zai haɗa alƙaluma ya rabu a kan mutane da yawa, ɗan majalisa kuma ya fi jin kukan sana'a guda fiye da na mutum ɗaya. Ga kariya: sunanka ba zai fito ba, balle wani jami'i ya sa maka ido.

Su manyan suna tafiya su kaɗai ne saboda abin da suke nema nasu ne su kaɗai: lasisi, kwangila, ko rangwame na musamman, wani lokaci ma wanda zai danne irinka.

Ƙungiya ma tana da nata ciwon. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya bayyana shi tun 1965: in jama'a ta yi yawa, kowa sai ya jira wani ya biya, tunda amfanin zai iso masa ko bai biya ba. Daga nan 'yan kaɗan ɗin da ke zuba kuɗi su ne ke juya akalar ƙungiya. Don haka kafin ka biya, karanta tsarin mulkinta: ƙuri'a ɗaya ce ga kowane mamba, ko gwargwadon gudummawa? Nemi matsayar da za a kai a rubuce, da bayanin inda kuɗin zai tafi. Ka ba su alƙalumanka: tsohon fito, sabon fito, yawan ma'aikatanka.

Shawarata, ka bi ƙungiya a wannan batu. Amma kada ku tattauna farashin sayarwa a taronku, domin dokokin gasa a ƙasashe da yawa sun haramta haɗa baki kan farashi. Kyauta ga jami'i kuwa cin hanci ce. Gudummawa ga jam'iyya ma sai ka tambayi lauya tukuna, don dokoki sun bambanta: Faransa ta hana kamfanoni bayarwa tun 1995.