Tambaya da Amsa: Yaya Jirgi Mara Inji Ke Hawa Igiyar Tsauni?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a Aberdeen ta Sikotilan, na shiga kulob ɗin masu tuƙa gilaida, wato jirgi mara inji, a Aboyne, kullum sai in ji suna zancen wai yau akwai igiya, wani ya kai ƙafa dubu ashirin babu inji. Dan Allah ya ake gano ta, kuma ba hatsari?

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena. Toh ka faɗa gidan abin, don Aboyne na bayan tsaunukan Cairngorm ne, an san wajen da igiya sosai.

Ka taɓa lura da ruwan rafi in ya bi ta kan dutse, yadda yake yin tudu-tudu a gaba, ruwan na wucewa amma tudun na nan a waje ɗaya? Haka iska ke yi in ta tsallake jerin tsauni, ta gangara ta sake tashi, ta kuma gangara, wannan ita ce igiyar, kai kuma ɓangaren da take tashi kake nema. Tun 1933 matuƙan gilaida na Jamus, ciki har da Wolf Hirth, suka fara hawanta a Grunau.

Ba kowace rana ake samu ba. Ana so iskar ta daki tsaunin kusan kai tsaye, kar ta karkace fiye da digiri 30, ƙarfinta a kan tsaunin ya kai kamar kilomita 30 zuwa 45 a awa kuma ya riƙa ƙaruwa in ana yin sama. Babbar alama ita ce wani girgije mai santsi, dogo, shimfiɗaɗɗe, da matuƙa ke ce wa lenti, iska na kaɗawa kamar me amma shi yana tsaye cak. Ta gabansa, wato ɓangaren da iska ke zuwa, nan ɗagawar take. In ka shige ta za ka sani, girgiza ta ɗauke gaba ɗaya, allurar bariyo, na'urar da ke nuna ko jirgi na hawa ko sauka, ta tsaya a sama shiru. Sai ka fuskanci iska, ka riƙe wata alama a ƙasa, gona ko kwanar titi, kar ka bari a tura ka baya, in ɗagawar ta ɓace maka yawanci gaba za ka matsa, don bayan girgijen iska ƙasa take yi da ƙarfi kuma cikin ƴan mintoci za ta cinye maka duk abin da ka tara.

Batun hatsari kuwa, akwai shi fa. A ƙarƙashin igiyar akwai rota, iska ce mai murɗawa tana juyi, wani lokaci ka ga yagaggen girgije na birgima a wajen, wani lokaci ba komai. A 1955 kusa da Bishop a Kalifoniya rota ta karya gilaidar Larry Edgar a sama, laimar sauka ce ta cece shi. Shi ya sa ake ɗaure bel tamau, a kulle duk abin da ke yawo a cikin jirgi, kuma kar gudu ya wuce koren layi na mitar gudu.

Amma ni abin da ya fi ban tsoro shi ne santsin nan da kowa ke yabo, don shi ke sa mutum ya saki jiki. Kana hawa cikin daɗi, iskar shaƙa na raguwa, kuma ƙarancin oksijin ba ya zuwa da ciwo, sai ma ka ji kana nishaɗi alhali lissafinka ya fara kwancewa. Daga ƙafa 10,000 ka saka oksijin kawai, ba jarumta a ciki. Ga sanyi, kowace kilomita ɗaya ta sama ana rasa kusan digiri 6.5, yatsun ƙafa su ne farkon mutuwa. Sannan ramin da ka bi ka hau tsakanin gizagizai yana iya rufewa kana can kana kallon gari, a Sikotilan iska mai danshi ba ta da alkawari, don haka idonka na kan ramin, da ka ga ya fara tsukewa ka buɗe birkin iska ka sauko. Da yamma ma rana na haska ka a sama alhali filin sauka ya yi duhu. Kuma a can sama gudunka na gaskiya ya fi abin da mita ke nunawa, iyakar gudun jirgin tana raguwa, akwai jadawalinta a manne a gabanka, ka karanta. Hanyoyin manyan jirage kuma sai da izinin masu kula da sararin sama.

Kar labarin manya ya ruɗe ka. Klaus Ohlmann ya yi kilomita 3,008 a tsaunukan Andes a 2003, gilaidar Perlan 2 ta haura ƙafa 76,000 a Ajantina a 2018, amma shekaru suka yi suna shiri. Kai dai ranar igiya ta gaba ka je da sassafe ka rubuta sunanka a jirgi mai kujera biyu, malami na bayanka, ka sa safa biyu.