Hukuncin Tsayawa Kallon Kogin Isa a Hanyar Zuwa Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a unguwar Harobanda, ina aiki a cikin garin Yamai, kullum sai na haye gadar Kennedy da ke kan Kogin Isa, wato Kogin Neja, safe da yamma. Nakan tsaya in kalli masunta suna jefa koma daga kwalekwale, da balbelu suna komawa makwanci gab da magariba, wata rana har dorina na hango ta ɗago kai. Wani abokina ya ce wannan ɓata lokaci ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin wannan kallo halal ne, kuma idan niyyarka tuna Mahalicci ce to ya zama ibada, domin a ƙarshen Suratu Ali Imrana Allah ya yabi masu hankali da suke tunani a kan halittar sammai da ƙasa, a Suratul An'am, aya ta 38, kuma ya bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Abokinka bai yi daidai ba.

Wannan ruwa ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali kafin ya iso Yamai, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Da damina yakan yi ja saboda lakar da koramu suke zubo masa, sannan a tsakiyar hunturu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama, ya sake cika da ruwan Gini wanda ya yi watanni yana tafiya. Mu da muka ga shekarar 1985, lokacin da ya daina gudu a nan Yamai, muka kuma ga ambaliyarsa ta 2020, ba ma iya haye gadar nan ba tare da tasbihi ba.

Sai dai gada hanya ce, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a ba hanya haƙƙinta, wanda ya haɗa da runtse ido da kame cuta. Saboda haka kada ka tsayar da babur inda zai tare wa jama'a hanya, kuma ka kau da kai daga masu wanka da mata masu wanki a gaɓa. Kada kallon ya kai ka ga jinkirta sallar magariba ko makara wurin aikin da ake biyanka a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya gama shan ruwa ya jefa ledar cikin kogin da gari duka yake sha daga gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa yin bayan gida a mashaya yana jawo tsinuwa, kuma a fahimtata zubar da shara a kogi ya shiga wannan hani, tunda cutarwar ɗaya ce. Jifan tsuntsaye don wasa ma haramun ne. Dorina kuwa, daga kan gada za ka kalle ta, kada ka kusance ta da jirgi, domin tana kisa.

Allah ne mafi sani.