Amsa ga mai tambaya kan salama a wurin Kirista

Ɗan'uwa, ka tambaya ko salamar da mu Kirista muke faɗa zaman lafiya ce kawai, wato rashin tashin hankali a gari. Ta haɗa da wannan, amma tushenta sulhu ne tsakanin mutum da Allah ta wurin Yesu Almasihu, kamar yadda Romawa 5:1 a Littafi Mai Tsarki ta koyar. Shi ya sa mai ita yakan samu kwanciyar rai ko gero ya ƙare a rumbu.

Nemanta kuwa sai da aiki. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko, wato kyautar da ake miƙa wa Allah, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. A ganina nan ne wuyar take. Tashi ka taka har ƙofar wanda kuka yi cacar baki a kasuwa, ka yi sallama, ka ce "ka gafarce ni", ya fi azumin kwana uku nauyi.

Mu a Maraɗi mun ga ƙona majami'a a unguwar Zariya a 2019. Duk da haka koyarwar ba ta sauya ba: babu ramuwa. Maƙwabcinka Musulmi in ya yi suna ka je barka, in an yi masa rasuwa ka zauna a tabarmar gaisuwa. Addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki su ke ba mutum ƙarfin yin haka.