Me ya sa kek ɗina ke lotsawa a tsakiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau huɗu ke nan ina yin kek a gida, duk abu ɗaya ke faruwa. Yana cikin obin sai in ga ya taso gwanin sha'awa, amma ina fito da shi sai tsakiyar ta lotsa, cikin ya yi danƙo kamar bai gasu ba, gefen kuma ya yi tauri. Da kofi nake auna fulawa, botar kuma narkar da ita nake yi a wuta don ta yi saurin haɗuwa da sukari. A karo na ƙarshe har bakin foda na ƙara, sai abin ya ƙara lalacewa. Ɓawon fai ɗina ma tauri yake yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ji daɗi da kika faɗi yadda kike yi dalla-dalla, domin rabin amsar tana cikin tambayarki. Miya ana ɗanɗana ta tana kan wuta a ƙara gishiri ko ruwa. Kek ba ya karɓar gyara irin wannan. Da zarar gwangwani ya shiga obin magana ta ƙare, abin da kika auna da yadda kika kwaɓa shi ne zai fito miki.

Da botar zan fara, don ita ta fi damuna. Mutane da yawa sun ɗauka ana buga bota da sukari ne don su haɗu kawai. Babban aikin da ake yi a lokacin shi ne cusa iska. Ƙwayoyin sukari suna da kaifi, idan ana bugawa sai su riƙa huda botar suna barin ƙananan ramuka na iska, waɗannan ramukan ne zafin obin zai kumbura kek ya tashi. Botar da ta narke ta zama ruwa ba ta iya riƙe iska, wadda ta fito daga firiji da ƙanƙararta kuma ba ta buguwa. Abin da ake so shi ne mai taushi, wajen digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyas. Ki danna ta da yatsa: idan yatsan ya shiga ya bar gurbi, botar kuma ba ta yi ƙyalli ko maiƙo a hannu ba, to ta yi. Ki buga ta da sukarin minti 3 zuwa 5 da injin bugu, da hannu kuwa zai kai minti 10. Za ki ga launin ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma fari-fari, haɗin ya ƙara yawa, ya yi sauƙi a cokali. Kada ki yi gaggawa a nan. Akwai kek ɗin da ake yi da mai ko narkakkiyar bota, amma tsarin haɗinsu daban ne tun farko.

Ƙwai ma kada ya zama mai sanyi. Ki fasa ɗaya ki buga ya shige sarai kafin ki sa na biyu. Idan kika ga haɗin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, ki zuba cokali ɗaya daga fulawar da kika auna, zai dawo.

Ƙarin bakin fodar da kika yi kuwa, shi ya sa na ƙarshe ya fi lalacewa. Fodar tana fitar da iska sau biyu, lokacin da ta jiƙe da lokacin da ta ji zafi. Idan ta yi yawa sai kek ya kumbura da sauri tun ƙwai da fulawa ba su ƙanƙame sun zama ginshiƙin da zai riƙe shi ba, ramukan iskar su faffashe, tsakiya ta rufta. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ƙaramin cokali 1 a shafe, ba a tula ba, ga fulawa giram 100 zuwa 125. Kuma ki bambanta ta da bakin soda, wadda ta ninka ta ƙarfi sau uku zuwa huɗu, ba ta kuma aiki sai da abu mai tsami kamar yogot ko ruwan lemon tsami. In kina shakkar fodarki ta tsufa, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi. Idan ba ta yi kumfa nan take ba, ta mutu.

Batun kofi gajere ne. Kofi ɗaya na fulawa da aka zuba da cokali aka shafe bakinsa wajen giram 120 ne, amma idan aka cusa kofin cikin leda aka danna yana iya kai 150 ko fiye. A kofi biyu kin ƙara giram 60 ba ki sani ba, kek kuwa ya bushe. In da hali ki mallaki ƙaramin sikeli na kicin. A ganina ya fi kowane kayan aikin gashi muhimmanci ga mai koyo. Da shi za ki iya gwada tsohon haɗin nan mai sauƙin riƙewa: bota, sukari, ƙwai da fulawa duk nauyi ɗaya. Ƙwai 4 ba ɓawo wajen giram 200 ne, sai ki sa giram 200 na kowanne cikin sauran ukun, da ƙaramin cokali 2 na bakin foda da ɗan gishiri.

Da zarar fulawa ta shiga, ki ajiye injin. A cikin fulawar alkama akwai sinadarai biyu da in suka haɗu da ruwa aka juya su suke zama gulutin, wato danƙon nan da ke sa kwaɓin burodi ya miƙe kamar roba. Burodi na son sa, kek ba ya so. Ki tankaɗe fulawar tare da fodar, ki zuba kashi biyu ko uku, ki riƙa ɗagowa daga ƙasa kina kifawa a hankali. Kina daina ganin farin gari ki tsaya. Kwaɓin da ya yi daidai, idan kika ɗebo a cokali kika karkata, zai ɗan yi jinkiri sannan ya faɗo a dunƙule. In ya ƙi faɗowa, cokali ɗaya ko biyu na madara ya isa.

Gefe mai tauri da tsakiya ɗanya alama ce ta wuta ta yi yawa, ko gwangwanin ya cika. Kashi biyu cikin uku ake cika shi. Ki kunna obin minti 15 zuwa 20 kafin ki sa, a digiri 175 zuwa 180, idan mai fanka ne ki rage digiri 20. Lambar da ke jikin makunni ba kullum take faɗin gaskiya ba, shi ya sa nake son ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki. Wancan haɗin na giram 200, idan aka raba shi gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, minti 20 zuwa 25 yake ɗauka. Na san zuciya tana son leƙawa, amma ki daure kada ki buɗe ƙofar sai an ci kashi biyu cikin uku na lokacin, domin iska mai sanyi tana shiga kek ɗin da bai ƙanƙame ba zai faɗi. Ki soka tsinke a tsakiya, ba a gefe ba. Idan ya fito ba jiƙaƙƙen kwaɓi, saman kuma ya dawo bayan kin danna, ya gasu. Ki bar shi minti 10 a gwangwani kafin ki kife.

Ɓawon fai kuma akasin kek ne: botar da sanyinta ake so. Ki yanka giram 100 ƙanana a kan fulawa giram 200, ki murtsuke da kan yatsu har ya zama kamar ɓurɓushin burodi, ki bar wasu 'yan gutsattsari ba su ɓace ba. Su ne za su narke a obin, ruwan cikinsu ya zama tururi ya buɗe ɓawon ya yi garas-garas. Ki sa ruwan sanyi babban cokali 2 zuwa 3, ki tattara kawai ba tare da murzawa ba, ki naɗe a leda ya huta minti 30 a firiji. Idan daga baya kina cikin murza shi don ya yi faɗi kika ji ya fara laushi yana manne wa katako, ki mayar da shi firiji minti 10 sannan ki ci gaba.