Amsa: Laburarena na rumbun bayanai yana mutuwa idan zare ya yi yawa, makulli ɗaya zai isa?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka rubuta laburare da yaren C mai magana da sabar rumbun bayanai ta soket (ƙofar da manhaja ke aika bayanai da karɓarsu ta hanyar sadarwa), a Ubuntu lafiya lau, amma da zarar an ƙara zaren aiki (thread, wato layukan aiki da ke gudana tare cikin manhaja ɗaya) sai manhajar ta mutu shiru a macOS, a Windows kuma saƙonnin kuskure su fito a hargitse. Kana tambaya ko ka sa mutex, wato makullin da ke barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda, guda ɗaya ya rufe komai.

Kada ka sa. Na daɗe ina kula da irin wannan laburare a wurin aiki, kuma na ga inda babban makulli ke kai mutum: tambaya ɗaya mai nauyi ta tsaya a saba, sauran zaruruwa duk su yi layi a bayanta, amfanin rarraba aikin ya tafi. Ga shi kuma ba ya tsare ka daga abin da manhajar da ta ɗauki laburarenka ke yi, domin ita ba ta san da makullinka ba.

Fara da dokar da libpq, laburaren C na rumbun bayanan PostgreSQL, ke bi: zare biyu ba sa taɓa PGconn ɗaya, wato haɗi ɗaya da saba, a lokaci guda. Haɗi ɗaya kamar layin waya ne, mutum biyu suka yi magana tare, na can ɓangaren ba zai gane kowa ba. Kowane zare da haɗinsa, ko ya karɓa daga tafkin haɗe-haɗen da aka tanada ya mayar. Rubuta wannan a takardar bayanin laburarenka ƙarara. Su ma mutanen PostgreSQL ba dare ɗaya suka kai nan ba: a sigar 7.4 sai ka nemi kariyar zare da kanka wajen harhaɗawa, a 9.0 ta 2010 ta zama tana kunne tun asali, sai a 17 ta 2024 suka cire zaɓin kashe ta.

Amma ainihin ciwon yana cikin abubuwan da kake rabawa ba tare da ka gani ba, kuma nan ne tsarukan suka saɓa.

Mutuwar shiru a macOS, zargina na farko SIGPIPE ne. Saba ta rufe haɗi, zare ya yi rubutu a soket ɗin, sai tsarin ya aiko da siginar SIGPIPE ta kashe manhajar gaba ɗaya. A Linux kana ba send tutar MSG_NOSIGNAL, a macOS da FreeBSD kana sa SO_NOSIGPIPE da setsockopt tun lokacin buɗe soket, Windows kuwa ba ta da wannan sigina sam. Za ka ga masu cewa ka yi watsi da SIGPIPE kawai da signal. Laburare ba shi da wannan hurumin, saboda ya canza wa dukan manhajar mutane hali ba da saninsu ba.

Saƙonnin kuskure kuwa, nan na fi shan wahala. A Windows kuskuren soket ba ya shiga errno, inda C ke ajiye lambar kuskure, sai ka kira WSAGetLastError nan take, kafin wani kira ya goge shi, sannan FormatMessage ya ba ka rubutun. A Linux da macOS kuwa strerror, mai juya lambar kuskure zuwa rubutu, ba a lamunce masa tsakanin zaruruwa ba, sai a ce ka koma strerror_r, alhali iri biyu ne masu suna ɗaya. Na POSIX, ƙa'idar da tsarukan Unix ke bi, yana dawo da lamba, ya cika maka ma'ajin da ka ba shi. Na glibc, laburaren C na yawancin Linux, idan an kunna _GNU_SOURCE, yana dawo da manuni ga rubutu, kuma yana iya barin ma'ajinka yadda ya same shi. Alpine Linux, mai amfani da laburaren musl maimakon glibc, na POSIX take bayarwa. Ka ga kod ɗaya, ya harhaɗu ko'ina, amma a wani wuri shara yake bugawa. Haka localtime_r da localtime_s na Microsoft: aiki ɗaya, jerin abin da ake miƙa musu a juye.

Akwai wanda mutane ke mantawa, setlocale, mai saita yare da salon rubuta lambobi. Shi ma na dukan manhajar ne. Idan kwamfutar mai amfani tana kan Faransanci, kamar yadda aka saba a ofisoshin Nijar, kuma manhajar ta ɗauki wannan saitin ta setlocale, printf zai rubuta 3,5 maimakon 3.5, SQL ɗinka ya lalace. Ka ce bari ka sauya na ɗan lokaci ka mayar, to a wannan ɗan lokacin ka sauya wa kowane zare. Yi amfani da uselocale, a Windows kuma _configthreadlocale, ko ka rubuta naka mai juya lamba zuwa rubutu.

Shirin farko, irin WSAStartup da tayar da OpenSSL, a yi shi sau ɗaya tak ta pthread_once ko InitOnceExecuteOnce. In har akwai masu OpenSSL da ya girmi 1.1.0 na 2016 cikin masu amfani da kai, sai an ba shi ayyukan kulle da hannu. Kuma ka kula: CRITICAL_SECTION yana barin zaren da ya riƙe shi ya sake shiga, mutex na pthread na asali ba ya bari. Kod da ya zauna lafiya a Windows yana iya sandarewa a Linux.

Shawarata, tattara duk waɗannan bambance-bambancen cikin ƙaramin fayil ɗaya, sauran kod kada ya san a wane tsari yake. Sannan ka harhaɗa da -fsanitize=thread, mai gano karon zaruruwa, a Linux da macOS, ka saki zaruruwa da yawa suna buɗe haɗi suna rufewa, ka kashe sabar ana tsakiyar aiki. Turo mana jerin duk wani static, wato ma'ajin da zaruruwa duka ke rabawa, da ke cikin laburaren da abin da gwajin ya buga, mu duba tare, in sha Allahu.